Yadda Kududdufin Lambu Ya Yi Mini Wankan Dole

Kududdufin lambu ba ya farkawa daga hunturu don kawai rana ta leƙo. Ma'aunin zafi ne alƙali: sai ruwan ya kai digiri 10 na Celsius ya kuma zauna a nan kwanaki kafin a soma ba kifi abinci, shi ma ɗan kaɗan, mai saurin narkewa, iya abin da za su cinye cikin minti biyu ko uku. Ƙasa da haka cikinsu bai koma aiki ba, abincin sai ya nutse ya ruɓe. Kifayena dai ba ruwansu da wannan doka, suna hango ni suka taso suna wangale baki kamar masu bina bashi. Na nuna musu digiri 8, na yi gaba.

Na fara zare soket, domin ruwa da lantarki ba sa ga maciji. Na jawo injin da ke tura ruwa, na buɗe murfinsa, na tarar zaren gansakuka ya naɗe farfelar tam. Tsohon buroshin haƙori ya gama da ita.

Sosunan matatar ruwan su ne wurin taka-tsantsan. A bokitin ruwan kududdufin ake matse su, ba a ƙarƙashin famfo ba, don kulorin na kashe ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune ciki, waɗanda ke juya amoniyar kashin kifi zuwa nitirayit, daga nan zuwa nitiret mai sauƙin illa. Matsa biyu ko uku ta isa, a bar su da ɗan dauɗarsu. Duk wanda ya wanke su fes, kifinsa ne zai biya.

Sai laka. Na riƙa kwaso ruɓaɓɓen ganye da raga mai dogon mariƙi, warin ɓataccen ƙwai na tashi, alamar ƙasan ya rasa iska. Ana tara ta a gefe kwana guda, don ƙananan halittun da aka kwaso su rarrafa su koma ruwa. Har nan komai lafiya lau.

Kwandon bado ne ya ja mini. Yana can tsakiya, hannu bai kai ba, sai na zura ƙafa ɗaya. Robar da aka shimfiɗa a ƙasan kududdufi, bayan wata da watanni cikin ruwa, santsinta ba ya shawara da kowa. Kafin in ce me, ina zaune daram, ruwa iya ƙirji, numfashi ya ɗauke. Ga shi ba damar zabura: a dama tarin ƙwan kwaɗi ne da ba a so a tarwatsa, a ƙasa kuma tsakuwa ɗaya mai kaifi ta isa ta huda robar in na turje da takalmi. Uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Maigida, ai ka ce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ake canzawa, ko da riga ake ɗiban ruwan?"

Tun da na riga na jiƙe, na ciro badon ina karkarwa, na yanka saiwar gida-gida, kowane yanki da tohonsa, na dasa a ƙasa mai yumɓu marar taki, na rufe da tsakuwa don kada kifi su tone. Taki a nan yakan narke cikin ruwa ya ciyar da gansakuka.

Da na ƙara sabon ruwa, na zuba maganin kulorin gwargwadon litar da na ƙara. Barin ruwan famfo ya kwana ba ya korar kuloramin, wato kulorin haɗe da amoniya. Na canza ƙwan fitilar UV mai kashe gansakukar da ke yawo a ruwa, wanda ƙarfinsa ke raguwa bayan shekara ko da yana ci gaba da haske. Amoniya da nitirayit kuwa, gwaji duk mako har matatar ta kama aiki, sifili ake nema.

Washegari ruwa ya yi garau, ganyen bado bai taso ba balle kifi su sami mafaka, sai ga zalɓe ya sauka yana ƙare musu kallo. Na ɗaura raga a saman kududdufin, na ja ta sosai na kafe da turaku. Zalɓen bai ko taɓa ta ba. Ya zuwa yanzu ƙafata kaɗai ta kama.