Ƙannena, ku daina zaɓen kwas don sauƙinsa

Da zarar an buɗe rijistar kwasa-kwasai, tambayar da ke yawo a bakin masu karatun tarihi, adabi, harsuna da falsafa ba ta wuce biyu: wane malami ne ba ya kayar da mutane, wane kwas ne ake cin maki a ɓagas. Sai ka ga aji guda ya ɗunguma ya cika kwas ɗaya saboda wani na gaba da su ya ce malamin yana maimaita tambayoyin bara. Ƙannena, wannan ba dabara ba ce, cutar kai ce.

Kwasa-kwasan dole ba ruwanku da zaɓensu, sashe ya riga ya yanke. Ɗan abin da aka bar muku shi ne na zaɓi, kuma da shi ake bambanta ɗalibai biyu masu takardar digiri iri ɗaya. A tsarin da yawancin jami'o'in Turai ke bi, shekarar karatu kiredit 60 ce, kowane kiredit kuma ana ƙiyasta shi da aikin awa 25 zuwa 30. Kwas mai kiredit 5 ke nan ya ci awa 125 zuwa 150 na rayuwar mutum. Lissafin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ko'ina lokacinka kake biya. Kafin ka sa hannu a fom, tambayi kanka me za ka iya bayan waɗannan awowi wanda yau ba ka iya ba.

In da za ku ji tawa, da harshe za ku fara. Mai karatun tarihi ko adabi da bai iya karanta komai ba sai da harshen da ake koyar da shi, iyakarsa abin da wani ya ga dama ya fassara masa. A 1799 aka tsinci dutsen Rosetta a Masar, ɗauke da saƙo ɗaya cikin rubutu iri uku, ciki har da Girkanci wanda malaman Turai suka iya tun tuni. Duk da haka aka shafe sama da shekara 20 ba a buɗe rubutun Fir'aunoni ba, sai a 1822 a hannun Bafaranshen nan Champollion. Babban abin da ya taimake shi, tun yana saurayi ya duƙufa kan Kibɗanci, harshen da cocin Masar ke ibada da shi, wanda shi ne jikan tsohon harshen ƙasar. A ajinmu na yau, da an yi masa dariya an ce ya ɗauki kwas marar amfani.

Sai dai harshe ba a yi masa shan ruwan tsuntsaye. Zango ɗaya na Larabci, Faransanci ko Latin gaisuwa kawai zai koya maka da sunayen ranaku. Ka ɗauki ɗaya ka bi shi mataki na ɗaya, na biyu, na uku, har ka iya zama da ƙamus ka warware shafi guda da kanka. Zaɓa gwargwadon inda hujjojin fanninka suke, ba gwargwadon wanda ya fi daɗin ji a kunne ba.

Na biyu shi ne wanda kowa ke gudu, kwas ɗin hanyoyin bincike da sukar madogara, wato auna sahihancin inda aka samo labari. Ana cewa ba shi da armashi, kuma gaskiya wani lokacin malamin ne ke kashe shi. Amma a nan ake koyon sana'ar kanta. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya ɗauko abin da Mas'udi da wasu masu tarihi suka ruwaito cewa mayaƙan Banu Isra'ila a cikin sahara sun kai 600,000. Bai tsaya kan girman wanda ya faɗa ba. Ya tambayi wane fili ne zai ɗauki wannan runduna a jere, ya kwatanta da Farisa, daular da ta fi su girma nesa ba kusa ba, wadda mayaƙa 120,000 kawai ta tara a yaƙin Ƙadisiyya. Wannan ɗabi'a ta auna labari kafin a haɗiye shi ita ce za ta bi ka ko aikin jarida ka faɗa, ko koyarwa, ko ofis, bayan sunayen sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙe sun gudu daga kanka.

Ku kuma nemi malamin da ke sa rubutu yana kuma karantawa. Za ku gane shi da takardar da yake dawo da ita: jan biro ko'ina, an ja layi ƙarƙashin jimla an rubuta a gefe "ina hujjarka?", an zagaye sakin layi guda an ce "wannan ra'ayinka ne ko na marubucin?" Ranar farko za ka ji kamar ya tsane ka. Shi ne mai ƙaunarka. Wanda ya karɓi shafi goma ya dangwala maki a sama ba tare da ko ɗigo ba, bai ƙara maka komai ba.

Kwas ɗaya daga wajen tsangaya, kamar ƙididdiga ko tattalin arziki, yana da kyau. Ɗaya ya isa.

Ba na ce maki ba komai ba ne. Da shi ake neman gurbin digiri na biyu da tallafin karatu, wanda ya ce muku ku manta da shi bai yi muku adalci ba. Maganin shi ne rabo: kada ka tara kwas huɗu masu jibgin karatu a zango guda, ka haɗa masu nauyi biyu da wanda zai bar ka ka numfasa. In za ka tambayi na gaba da kai, bar zancen "yana kayarwa?", ka ce ya nuna maka jerin littattafan da aka ba su da aikin da ya rubuta.

Sannan ku karanta littafin jagora na sashenku tun kuna aji ɗaya, ba sai ta ɓaci ba. Wani kwas na aji uku ba a shigarsa sai an ci wani na aji biyu, wani kuma sau ɗaya ake bayar da shi a shekara. Ɗalibai da yawa sai a ajin ƙarshe suke gano cewa batun da suke so su rubuta kundinsu a kai yana buƙatar kwas ɗin da suka tsallake, malamin da zai duba su kuma bai taɓa ganin fuskarsu a ajinsa ba. Ka ɗauki takarda ka jera zangunan da suka rage maka, ka sa kowane kwas a gurbinsa, ka kai wa mai ba ajinku shawara ya duba kafin a rufe rijista.