Sabuwar dokar kamfanonin laima a Birtaniya: aljihun wa za ta gyara?

Jama'a, musamman 'yan uwanmu mazauna Birtaniya da ke aiki ta hannun ejensi, daga masu kula da tsofaffi da nas-nas zuwa likitoci masu aikin cike gurbi da 'yan kwantiragin kwamfuta, akwai sauyin doka kan kamfanonin laima, mai fara aiki daga ranar 6 ga Afrilu 2026, da ya kamata mu tattauna. Ina goyon bayansa, amma ba don ina ganin zai ƙara wa ma'aikaci kuɗi ba, kamar yadda wasu ke ta murna.

Wanda bai san tsarin ba, ga yadda yake. Asibiti ko kamfani na neman ma'aikaci, ejensi ta samo shi, amma ita ba ta son ɗawainiyar biyan albashi, sai ta tura shi wani kamfani na uku, kamfanin laima. A takarda shi ne ubangidanka, ko da ba ka taɓa ganin ofishinsa ba. Shi ke karɓar kuɗin aikinka daga ejensi, ya cire haraji, ya cire ladansa, ya turo maka saura. Harkar ta bunƙasa ne bayan da aka tsaurara dokar IR35, mai tantance ko ɗan kwantiragi zai biya haraji kamar ma'aikacin albashi, a ma'aikatun gwamnati a 2017, a manya da matsakaitan kamfanoni masu zaman kansu a 2021. Kamfanoni da yawa suka ji tsoron yin kuskure wajen tantance wane ne ɗan kwantiragi na gaske, sai suka ce kowa ya bi ta laima kawai. Hukumar haraji ta HMRC ta ce aƙalla mutum 700,000 ne suka yi aiki ta wannan hanya a shekarar haraji ta 2022 zuwa 2023, kuma aƙalla 275,000 daga cikinsu sun ratsa ta hannun kamfanin da bai biya harajin da ya kamata ba.

Maguɗin da ya fi yawa sananne ne. A biya ka mafi ƙarancin albashi a takarda, sauran a turo maka da sunan "bashi" wanda ba a cire masa haraji ba. Kai kana ganin kuɗi sun yi auki. Bayan shekara biyu ko uku kamfanin ya rufe, masu shi su buɗe wani da sabon suna, wasiƙar HMRC kuma ta zo gidanka. Wanda ya bi labarin harajin da aka ɗora wa masu karɓar irin wannan "bashi" a 2019 ya san mutane nawa suka shiga uku a kansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar a kasafin 30 ga Oktoba 2024, aka kuma fitar da daftarinsa a Yulin 2025, shi ne idan kamfanin laima ya ƙi biyan harajin albashi, HMRC za ta iya bin ejensin da ta kai ma'aikacin, in babu ejensi a tsakani ta bi kamfanin da aka yi wa aikin. Wannan daidai ne. Ejensi ce ke zaɓar kamfanin laima, sau da yawa har kamasho take karɓa a kan kowane mutum da ta tura. Wadda ta zo ƙasar bara, take aikin dare a gidan tsofaffi, ta ina za ta binciki littafin kuɗin wani kamfani? Mai ikon bincike shi ya kamata ya ɗauki alhaki.

To amma a lura, baitulmalin gwamnati wannan doka ta zo karewa. Ba ta ƙara maka ko sisi a albashi.

Babban ciwon ɗan laima yana cikin lissafin farko ne. Kuɗin da ejensi ta tallata maka a kan awa ko yini ba albashinka ba ne. Daga cikinsa ake cire kason inshorar ƙasa na ubangida, da harajin koyon sana'a na kashi 0.5, da kuɗin fansho na ɓangaren ubangida, da ladan kamfanin, sannan a zo kan naka harajin. A wannan kasafi na 2024 aka ɗaga kason ubangida daga kashi 13.8 zuwa 15, aka kuma sauke matakin da ake fara biyansa daga fam 9,100 zuwa 5,000 a shekara, tun daga Afrilun 2025. Gwamnati ta ce ba ta taɓa harajin ma'aikata ba. Ga mai aikin dindindin ana iya jayayya a kan hakan. Ga ɗan laima kuwa, mu ɗauki mai albashin fam 700 a mako: da can kason ubangida kusan fam 72 ne, yanzu kusan 90. In ejensi ba ta ƙara farashi ba, wannan fam 18 ɗin daga cefanensa ya fita, kowane mako.

Ga kuma abin da nake hange. Ejensin da ta san za a iya kama ta da bashin miliyoyi za ta taƙaita jerin kamfanonin da take hulɗa da su zuwa 'yan ƙalilan, wasu ma su mayar da biyan albashi cikin gida. Mayaudara za su sha wuya, madalla. Sai dai ƙananan kamfanoni masu gaskiya ma za su bi ruwa, don ba su da sunan da zai kwantar wa ejensi hankali. In gasa ta ragu, me zai hana ladan da ake cira ya hau? Kuma kai da ka saba da kamfani ɗaya, da fanshonka a wuri ɗaya, za a ce maka ko ka koma namu ko babu aiki. Masu kamfanin kansu da aka tantance suna wajen IR35, wannan doka ba ta shafe su kai tsaye ba.

Sai batun da ya fi damuna game da mutanenmu. Sabuwar dokar ba ta yafe abin da ya wuce. In shekarun baya an biya ka ta hanyar "bashi", maganar tana nan a kanka. Kuma mu da ke kan biza, matsalar haraji ba ta tsayawa a haraji. An taɓa hana mutane takardar zama na dindindin saboda saɓani a bayanan harajinsu. Don haka duk wanda ya ce maka zai ba ka kashi 85 ko 90 na kuɗinka a hannu, ka gudu. Ka shiga asusunka na haraji a shafin gwamnati ka gwada abin da aka rubuta da abin da ya shigo bankinka. Ka nemi takardar bayanin farashi da doka ta wajabta wa ejensi ta ba ka tun 2020. Ka kuma duba kuɗin hutunka, wanda yawanci kashi 12.07 ne: ana haɗa maka shi a kowane biya, ko ana ajiye maka? In ajiyewa ake yi, ka rubuta musu ka karɓa kafin ejensinka ta sauya maka kamfani.