Makonni 14 a saman jadawali: abin da faifan Stevie Wonder ya tabbatar

Duk sanda na ji an ce wata sabuwar waƙa ta kafa tarihi domin an latsa ta sau miliyan kaza a waya, sai hankalina ya koma kan Songs in the Key of Life, kundin waƙoƙin da mawaƙin Amurka Stevie Wonder ya fitar ranar 28 ga Satumba, 1976, yana da shekara 26.

Ba ƙaramin kaya ba ne. Manyan faya-fayan garmaho biyu ne, da ɗan ƙarami na gyara, waƙoƙi 21. Duk mai so sai ya taka zuwa kanti ya zaro kuɗin da ya fi na faifai guda. Duk da haka, a makonsa na farko ya haye matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na faya-fayan da aka fi saya a Amurka, abin da kafin nan Elton John kaɗai ya taɓa yi. Ya zauna daram makonni 13 a jere, ƙungiyar Eagles ta ture shi da Hotel California, ya sake dawowa ya cike na 14.

Wani zai ce alƙaluman wancan zamani ba abin rantsuwa ba ne, tunda kafin 1991 rahoton masu kantuna ake tattarawa, babu na'urar da ke ƙirga kowane ciniki. Na yarda. Amma ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma ba a rufe kasuwa da ita wata uku.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne taurin kan mai faifan. Kamfanin Motown ya shafe shekara biyu yana jira, shi kuwa ya ƙi sakin aikin sai ya gamsu. Sannan ga "Isn't She Lovely", wadda ya yi wa 'yarsa Aisha. Da kukan jariri take buɗewa, can gaba ka ji ana yi wa yarinyar wanka, ruwa na fantsama, uban na busa hamonika kamar ba zai daina ba, har ta haura minti shida. Aka nemi ya datse ta a sayar da ita ita kaɗai, ya ce a'a. Duk da haka gidajen rediyo suka riƙa sa ta. "I Wish" da "Sir Duke" na cikin waɗanda suka fita daban, kuma kowacce ta kai matsayi na ɗaya.

A ganina wannan ya rushe da'awar da masu kamfanonin waƙa ke yawan yi, wai jama'a ba su da haƙurin doguwar waƙa ko magana mai nauyi. Cikin kundin nan akwai "Village Ghetto Land" mai bayyana talaucin unguwannin baƙaƙen fata, akwai "Pastime Paradise" da Coolio ya gina "Gangsta's Paradise" a kanta a 1995. Mutane suka saya, har da ɗacin.

Ba kowace waƙa ce ta kwanta mini ba. "Black Man" ta ja da yawa, ƙarshenta ya koma kamar darasin aji.

Daren da aka ba kundin kyautar Grammy ta gwarzon shekara a Fabrairun 1977, karo na uku da Stevie ya ci ta, ba ya ma Amurka. Yana Legas, inda ya je bikin al'adun baƙaƙen fata na FESTAC, aka haɗo shi ta tauraron ɗan adam, sauti na ta yankewa.