Yadda Na Haɗa Teku a Tsakar Gidan Haya

Laifin duk na autanmu ne. Shi ya ɓalle eriyar rediyona ya tafi korar awakin maƙwabta da ita, ya dawo mini da guntu. Ni kuwa in ban ji labarun duniya a gajeren zango da asuba ba, ko kokon ma ba ya yi mini daɗi. Na san za a ce ai akwai waya, akwai intanet. Akwai, amma data ƙarewa take, iska kuwa kyauta ce.

To a wayar dai na shiga neman yadda ake haɗa eriya, daga nan zuwa can, har na tsinci kaina a tekun Fasifik a shekarar 1943. A yaƙin Hitila sojojin ruwan Amurka suna da wasu ƙananan jiragen sintiri da ake kira PT. Na katako ne, waɗanda kamfanin Elco ya ƙera tsawonsu ƙafa 80, da injin Packard uku a ciki. Aikinsu su laɓaɓa cikin dare, su sakar wa manyan jiragen Japan bam mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, su arce. Duk ba wannan ya ɗauke mini hankali ba. A hotunan, kusa da inda matuƙi ke tsayawa, akwai wata siririyar sanda doguwa mai lanƙwasa kamar bulala. Ita ce eriyar. Ƙafa 20 ce, wajen mita 6, tana haɗe da wata rediyo mai suna TCS ta kamfanin Collins, mai aiki daga megahaz 1.5 zuwa 12. Na ce a raina, abin da ya yi wa soja aiki a tsakiyar teku ana ruwan harsashi, ai ba a gidan haya a Kano zai gaza ba.

Na nufi kasuwa wurin dattijon da ke gyaran rediyo, na miƙa masa hoton. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Yaro, wannan sandar da kake gani rabin eriya ce. Ɗaya rabin shi ne tekun."

"Kamar yaya, Baba?"

"Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, ba kamar busasshiyar ƙasarmu ba. Ɗaya ɓangaren rediyon ana haɗa shi da ƙarfen da ke taɓa ruwa, sai tekun ya cike abin da ya rage. Ko a haka ma sandar ta yi musu gajarta. A megahaz 3 tsawon zangon mita 100 ne, rubu'insa da ake so mita 25, ina mita 6 za ta kai? Shi ya sa suke ƙara mata naɗin waya. Kuma su aika magana suke yi, kai saurare kawai kake. Ka sami waya mita goma ka ɗaura a bishiya, ka huta."

Ya ci gaba da bayani, amma ni tun daga kalmar teku na daina ji. Waya a bishiya! Ai kowane almajiri ya iya wannan.

Sai na ce da rodi zan yi tawa. Rodi guda mita 12 ne, in aka raba biyu ya ba ka mita 6 cif, abin da na ɗauka alama ce ta cewa Allah ya yarda da aikin. Ɗaukarsa ne bai yarda da shi ba. Mai adaidaita sahun da na samu ya zura shi ta tsakiya, mita biyu a gaba, biyu a baya, ni a zaune na rungume sauran. Duk kwanar da muka sha sai an tsine mana. Wani mai lemo ya bi mu da gudu yana nuna tirensa, wani mai babur ya sunkuya a kan lokaci amma hularsa ba ta sunkuya ba. Da muka iso, direban ya ce kuɗin mutum uku zan biya, ni da rodin gaba da rodin baya.

Mai walda ya kafa shi a kan katangar banɗaki. Nan na fahimci cewa eriyar jirgi an ƙera ta ne ta rusuna wa iska ta sake miƙewa, shi kuwa rodi in ya rusuna ya rusuna ke nan. Nawa ya karkata ya leƙa gidan maƙwabcina mai mata biyu. Kafin la'asar ya aiko yaro a tambaye ni ko akwai kyamara a saman.

Maigidan haya da kansa ya zo bayan magariba, abin da bai taɓa yi ba sai ranar karɓar kuɗi. Ya kewaya, ya ɗaga kai, ya yi murmushin da ban so ba.

"Malam, ashe abin arziki ya samu ba a sanar da mu ba. Wane kamfanin ne?"

"Alhaji, ba kamfani ba ne. Eriyar jirgin ruwa ce."

"Jirgin ruwa."

"Na yaƙi."

Ya dube ni, ya dubi tsakar gidan da ko kwata ba ta gudana, ya ce shi dai ya san nawa kamfanonin waya ke biya a shekara in sun kafa ƙarfe a filin mutum, kuma filin nasa ne.

Saura teku. Na bincika, ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita. Duron uwargida na lita 200 ne. Na buga lissafi, kilo 7. Mai shagon unguwa ya tambaya ko fata zan jeme, na ce masa harkar sadarwa ce. Da dare, kowa ya yi barci, na juye gishirin a duro, na dama da muciya, na jefa tsohon farantin tagulla ɗaure da waya, na rufe da murfi yadda na same shi. Ban gaya wa kowa ba, domin su ma jiragen PT in sun fita sintiri ba a yawan magana a rediyo, kada abokan gaba su gane inda suke.

Da asuba na haɗa wayoyin, na kunna. Jama'a, eriya ta yi aiki! Ban taɓa jin ƙara irin wannan daga bakin rediyon nan ba. Sai dai abin da ta kamo shi ne kowane janareto da kowace cajar waya da kowane ƙwan lantarki mai ƙyaftawa daga nan har bakin titi. Can ƙarƙashin ƙugin, wani yana magana da Sinanci a kan wani mai Larabci, su biyun kuma a kan wani mai wa'azi da Faransanci. Duk inda na murɗa su ne dai. Ƙaramar rediyon hannu ba a yi ta don haɗiye abin da mita 6 ke kwasowa ba, shaƙewa take. Hausar da na tashi dominta kuwa, na ji an ce "masu sauraro" sau ɗaya, daga nan basinen ya karɓe.

Ina cikin wannan fama ne surukata, wadda ta zo mana kwana biyu, ta fito alwala. Ina jin ƙarar murfin duro. Ina jin moɗa ta nutse. Na so in yi magana, to amma ta yaya mutum zai ɗaga murya ya ce wa surukarsa kada ta taɓa teku? Na ji ta kurkure baki, sai shiru mai tsawo. Baiwar Allah, saboda kunya ba ta ce da ni komai ba. 'Yarta ta kira a hankali.

"Ke, ruwan garin nan naku haka ya koma?"

Uwargida ta riga ta dama koko da shi. Yara sun kurɓa sun ajiye. Ta bi wayar da ido daga duro har tagar ɗakina, ta shigo riƙe da farantin yana ɗiga.

"Malam, mene ne wannan?"

Na zaunar da ita na yi mata bayani tun daga tushe, don ta san ba wasa nake ba. Na ba ta labarin PT-109, jirgin da John Kennedy ya jagoranta kafin ya zama shugaban Amurka a 1961. Yadda a daren 2 ga Agusta 1943, a tsibiran Solomon, jirgin yaƙin Japan mai suna Amagiri ya bi ta kansa cikin duhu ya tsarge shi. Mutum 13 ne a ciki, biyu suka mutu, 11 suka yi iyo zuwa wani ɗan tsibiri, Kennedy yana jan wanda ya ƙone da igiyar rigar ruwa a haƙoransa.

"To da eriyar suka kira aka cece su?"

Na ce a'a, rediyon ai ta tafi da jirgin. Wasu mutanen tsibiran ne biyu, Biuku Gasa da Eroni Kumana, suka zo a kwalekwale suka same su, Kennedy ya rubuta saƙo da wuƙa a jikin ɓawon kwakwa, suka kai. Har ya ajiye ɓawon a kan teburinsa a fadar shugaban ƙasa.

"Kwakwa," in ji ta. "Nawa ake sayar da kwakwa a bakin asibiti?"

Na ce ba a nan darasin yake ba. Ta ce ita a nan ta gan shi, kuma in tashi in nemo mai ruwa ya kawo kura biyu, daga aljihuna.

Da na zubar da tekun a bayan gida, awakin unguwa suka yi sansani a wurin suna lasar ƙasa har sati ya zagayo. Rodin kuwa hadarin farko ne ya yanke masa hukunci. Ana fara walƙiya mai unguwa ya aiko a ce mini duk unguwar babu abin da ya kai shi tsawo sai hasumiyar masallaci, kuma in ina neman tsawa in neme ta ni kaɗai. Aka sauke shi da ruwa a kanmu. Alhaji ya sa yaransa suka ɗauke, wai kafin alƙalami ne na kasonsa, har yau yana jiran ranar da kamfani zai biya ni.

Yanzu a igiyar shanyar uwargida nake maƙala rediyon, ta waya ce, za ta yi mita goma. Tana kamawa tas, sai dai ranar wanki sai na jira kaya sun bushe. Yaran layi sun sa mini Kyaftin, kuma duk sanda surukata ta bugo waya, bayan ta tambayi jikoki, sai ta ce wa 'yarta a gaishe da mai jirgi.