Minti 20 a Bakin Famfo

Akwai wata takardar shaida da na sa a gilashi na rataye a bangon falo, daidai inda idon baƙo zai fara sauka. Ta horon taimakon gaggawa ce da aka yi mana a wurin aiki, na kwana biyu. Duk wanda ya zo gidan sai na san yadda na karkatar da hira ta bi ta kanta. Uwargida ta ji labarin horon nan har ta haddace inda nake tsayawa in yi gyaran murya.

Ranar da abin ya faru, da safe ne, ina gugar farar rigata saboda taron da aka ce kada kowa ya makara. Na murɗa dutsen guga zuwa ɗigo uku. Ga wanda bai taɓa kula ba, ɗigon nan ba ado ba ne: ɗaya na nufin zafi har digiri 110, biyu 150, uku kuwa 200. Ruwa a 100 yake tafasa, sai ku auna. Na gama hannu ɗaya na rigar, na juya zan ɗauki maratayi, ƙafata ta harɗe wayar wutar, dutsen ya zame daga kan tebur.

To, ni mutum ne da ya shekara goma yana cafe wayar salula kafin ta kai ƙasa. Hannuna ya ƙware har ba ya shawara da ni. Kafin ƙwaƙwalwata ta ce "bar shi ya faɗi", tuni hannun dama ya tare shi cak, ta fuskar ƙarfen. Ji kake cauu! Na yi cilli da shi, na saki wata ƙara da har yau Auta take kwaikwayonta idan tana son ba yayyenta dariya.

A yi mini adalci, matakin farko na yi shi daidai. Na ruga famfo na tara hannun, sanyi ya ratsa, raɗaɗin ya lafa. Na tuna sarai abin da malamin horo ya faɗa: ruwa mai ɗan sanyi, mai gudana, minti 20. Sai dai malamin bai gaya mana tsawon minti 20 ba idan mutum yana tsaye cikin singileti, agogo na tafiya, taro na jira. Na ƙirga har wajen sittin, na ce ai wannan ƙunar ƙarama ce, ashirin ɗin nan na manyan ƙuna ne. Na kashe famfo. Ko taku biyar ban yi ba zugin ya dawo, ya taho da 'yan'uwansa.

Dalilin kuwa na sani, don an rubuta mana a allo. Fata tana riƙe zafi kamar tukunyar da aka sauke daga wuta, tana ci gaba da dahuwa ta ciki bayan an raba ta da abin da ya ƙona ta. Ruwan nan shi ke janye zafin a hankali, ya hana ƙunar nutsewa. Na sani, amma wanzami ba ya son jarfa.

Nan uwargida ta fito da gudu, man goge baki a hannunta, ta riga ta cire murfin.

"Maigida, miƙo hannun."

"Ai a horo an ce kada..."

"Horon ne zai ji zafin ko kai? Miƙo."

Na miƙa. Ta lafta shi kamar mai yaɓen bango. Gaskiya na ji sanyi, har na fara tunanin ko malamin horon nan bai da aure ne. Ashe sanyin yaudara ce. Sinadarin da ke sa baki ya yi wasai bayan an goge haƙori shi ne yake ruɗar jijiyoyin fata su ce an yi sanyi, alhali zafin na nan a ƙasa, an ma yi masa rufi. Bayan minti uku hannun ya koma yi mini kamar an tara kunamu taron gaggawa.

Ihun da na yi tun farko ya riga ya kira maƙwabcina. Mutumin kirki ne, sai dai babu cutar da bai san maganinta ba. Ya leƙa hannun, ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce an yi kuskure, ƙanƙara ake sawa. Kafin in buɗe baki ya buɗe firjinmu kamar shi ya saya, ya ɗauko dunƙule guda ya danna mini a tafi, a kan man goge bakin. Na ce masa ƙanƙara tana tsuke hanyoyin jini, wurin da ya ƙone kuwa jini yake nema don ya farfaɗo, har ma takan ƙara ƙona fatar da nata sanyin. Ya ce, "Malam, wuta da ƙanƙara wa ke kashe wani?" Na rasa amsa. Mutum yana cikin azaba ba ya cin muhawara.

Ana cikin haka uwargida ta kira mahaifiyarta, ta sa wayar a sifika. Surukata ta yi mini sannu sau uku, sannan ta yanke hukunci: a fasa ɗanyen ƙwai a shafa farin. Kun san matsayin maganar suruka. Na san ɗanyen ƙwai na iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa amai da gudawa, na kuma san fatar da ta ƙone ƙofa ce a buɗe ga kowace ƙwayar cuta. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, Mama, Allah ya saka da alheri." Aka fasa ƙwai. Maƙwabci ya ce tunda an sa ƙwai a ɗan barbaɗa gishiri ya kama. Wannan kam na ƙi, na kuma ƙi man girkin da ya biyo baya da shi, don shi ma riƙe zafi yake yi. Ko ba komai takardar bango ta yi aikin rabin kuɗinta.

Auta tana raɓe a bakin ƙofa tana kallonmu zuru. Can ta ce, "Baba, a makaranta an ce ruwa kawai ake zubawa." Mu uku muka haɗa baki muka ce ta je ta sa takalminta. Ni da na san gaskiya ta faɗa, na fi kowa ɗaga murya.

Abin da duk likitocin nan uku da ni mai takarda muka manta shi ne zoben azurfar da ke yatsana. Ƙa'ida ita ce a cire zobe, agogo, awarwaro da duk abin da ya zagaye wurin tun kafin kumburi ya fara. Tufa ma a cire, sai fa wadda ta manne da fata, ita ba a fizgar ta. Lokacin da na tuna, yatsan ya yi suntum, zoben ya nutse a ciki, ga bororo guda biyu sun taso a gindin yatsu, ɗaya a tafi, sun ɗuri ruwa suna ƙyalli. Maƙwabci ya tambaya ko akwai allurar ɗinki a kusa. A nan ne na ce a kai ni asibiti.

Nas ɗin da ta karɓe mu dattijuwa ce mai sanyin magana. Ta warware tsumman da aka naɗe mini, ta dubi hannun, ta sunsuna, ta ɗago ta dube ni.

"Malam, ƙuna ce ko girki kuka ɗora?"

Uwargida ta ce ai ba a sa gishirin ba.

Ta tambayi ƙarfe nawa abin ya faru. Na ce bai kai awa biyu ba. Ta ce to da sauran amfani, sanyaya ƙuna da ruwa yana taimakawa har cikin awa 3 na farko. Aka fara datse zoben da wani ɗan ƙaramin makami, ina kallo ya rabu biyu. Sannan ta ja ni har gaban famfo, irin na gidana sak, ta kunna, ta ajiye agogonta a gefe. Wato na bar famfona, na tsallake taro, na biya kuɗin mota da na kati, don a nuna mini famfo.

Wanke busasshen man goge baki da ƙwai daga kan ɗanyar ƙuna wani babi ne da ba zan so wa maƙiyina ba. Ita ce azabar da ta fi ta dutsen gugar. Tana wankewa tana yi mini karatu, ni kuma ina cije leɓe ina cewa "haka ne". Ta ce bororon nan kada a kuskura a fasa shi, rufi ne da jiki ya yi wa sabuwar fata, babu bandejin da ya kai shi tsabta. A gida, bayan ruwa, abin da ake so shi ne a shimfiɗa farar ledar naɗe abinci a kan wurin, shimfiɗawa ba ɗaurewa ba, ko tsumma mai tsabta marar gashi. Auduga manne wa ciwo take yi. Idan zugi ya dame ka, farasitamol ya isa.

Ta ƙara da cewa ko da ban yi girkin ba, zuwa asibiti ya kama ni, don ƙunar da ta yi bororo a hannu, fuska, ƙafa, gaɓa ko al'aura ba ta zaman gida ba ce. Haka duk wadda ta fi tafin hannun mai ita haɗe da yatsu faɗi, wanda shi ne kusan kashi 1 cikin 100 na fatar jiki, da ta lantarki, da ta sinadari, da ta ƙaramin yaro. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce ƙunar da ta yi fari fat ko baƙi ƙirin kuma ba ta zafi: ita ce mafi muni, don wutar ta cinye jijiyoyin da za su kai ƙara. Na dubi hannuna da ke zugi kamar ganga, na ji har na ɗan gode masa.

"Kun taɓa jin waɗannan bayanan?" ta tambaya tana naɗa bandeji.

Na buɗe baki zan ce a'a, uwargida ta riga ni: "Ai har takarda gare shi, tana bango."

Nas ba ta ce komai ba. Ta dai tambayi yaushe rabona da allurar tetanus, na ce ban tuna ba, ta ce to yau zan tuna. Ta sallame mu da gargaɗin in dawo maza idan ja ya fara yaɗuwa, ko ciwon ya fara ruwa da wari, ko zazzaɓi ya rufe ni.

Sati biyu da 'yan kwanaki hannun ya warke, saura ɗan tabo mai siffar hancin dutsen guga. Rigar tana nan da hannu ɗaya a goge. Zoben yana cikin kofi a kan firji, gida biyu. Maƙwabcina yana gaya wa mutane cewa da ba don ƙanƙararsa ba da yanzu an yanke hannun.

Shekaranjiya surukata ta kira ta ji jiki. Na ce Alhamdulillahi, ya warke sumul.

"To, kun ga aikin ƙwai ko?"

Auta tana gefe tana kallona. Na juya mata baya, na ce, "Na gani, Mama."