Kifin da Mage Ta Dawo da Shi

Aƙidata a kan wuta ba ta da wuya: duk abin da ya kama, makamashi ne. Da wannan aƙidar na samo gangar ƙarfe, na wanke ta tas, na yanke mata ƙofa a gindi, na shimfiɗa raga a sama, sannan na sanar da mutanen gida cewa daga yau an daina sayen bandar kifi, ni zan riƙa yi.

Uwargida ta ce, "To Malam, itacen fa?"

Na ce ta zuba ido kawai. A bayan gida akwai tarkacen da ya daɗe yana jiran ranarsa: gutsattsarin filawud da suka rage daga aikin silin, katakon da ake jera kwalayen kaya a kai, da wani falanki mai ɗan kore-kore wanda ko gara ta ƙi taɓawa. Ga kuma wata tsohuwar ƙofa mai shuɗin fenti da na tarar jingine da katangarmu ta waje, ba mai ita. Na ce arziki ne ya biyo ni har gida, na ɗauko gatari.

Hayaƙin ya fara da fari mai kauri, ya koma ruwan ɗorawa, daga nan ya yi baƙi ƙirin. Idona na zubar da ruwa, ina tari, ina fifita. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko taya muke ƙonawa. Uwargida ta kwashe shanyarta ba ta ce uffan ba, kuma shirunta ya fi hayaƙin yaji.

Da na buɗe gangar, kifin ya yi baƙi yana sheƙi kamar sabon takalmin ɗan sanda. Na gutsura na sa a baki. Ɗaci ya fara isowa, ƙaurin roba ya biyo baya, harshena ya yi nauyi. Na haɗiye da ƙyar, na gyara murya na ce, "Haka na asali yake." Yara suka tuna cewa sun ƙoshi. Magen gidanmu, wadda ba ta raina abin sata, ta lallaɓo ta sure guda ta haye katanga. Jim kaɗan sai ga ta ta sauko, ta ajiye shi a gabana, ta yi tafiyarta.

Ana cikin haka Baba kafinta ya yi sallama, hayaƙin ne ya taso shi daga shagonsa. Ya tsuguna gaban sauran itacen yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗana, wannan filawud ai da gam aka manne shi. Gam ka ba iyalinka?" Ya jefar. Ya ɗauki koren falankin ya kanga mini a fuska. "Ka taɓa tambayar kanka me ya sa gara ta ƙi shi? Magani aka ɗura masa da inji har cikin ɓargonsa. Gara ta ƙi, kai ka karɓa."

Na ce, "Baba, ai wuta tana kashe komai."

"Tana kashe ƙwayar cuta. Guba kuwa ɗaukarta take yi ta ɗora a hayaƙi, hayaƙin ya kwanta a kan kifinka, saura ya zauna a toka."

Katakon kwalayen ne ya fi ɗaukar masa lokaci. Ya juya shi ya nuna mini wani hatimi da aka ƙona a gefe. Ya ce in an rubuta HT, zafi kawai aka ba shi, har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30 don ƙwari su mutu. In kuwa MB ne, hayaƙin maganin ƙwari aka turara masa. Nawa HT ne, har na fara murmushi, sai ya ce, "Kada ka yi saurin washe baki. Ka san abin da ya zube a kansa a hanya? Ga shi ma farin katako ne mai ƙaro, irin wanda ke cika abinci da kunkunniya da ɗaci. Araha ba ta ado."

Ina ta latsa waya a ɓoye ko zan samu hujjar da zan kare kaina. Abin da na tarar shi ne koren maganin nan sunansa CCA, akwai sinadarin asenik mai guba a ciki, kuma tun ƙarshen 2003 aka daina sa shi a katakon amfanin gida a Amurka. Fenti mai dalma kuwa sun hana shi a gidaje tun 1978, amma tsofaffin ƙofofi ba su ji sanarwar ba. Na mayar da wayar aljihu a hankali.

Baba ya ce abin da ake so itace ne mai tauri, wanda ka san bishiyar da ya fito, musamman mai 'ya'ya irin gwaiba, lemo ko tuffa. Ya bushe sarai, don ɗanye kusan rabin nauyinsa ruwa ne, sai ya sha watanni a ajiye kafin ya yi. In ka gwara biyu ka ji ƙara tsaf, ya yi. In ya yi fumfuna, a bar shi. A bari wuta ta zama garwashi, hayaƙi ya yi siriri mai ɗan shuɗi-shuɗi, sannan a ɗora kifi. Da ya ambaci gwaiba na ɗan kalli wadda uwargida ta dasa a tsakar gida, sai na ji daga kicin an ce, "Ko reshe ɗaya."

Har ya miƙe zai tafi, ƙafarsa ta taɓa wani gutsure mai shuɗin fenti, da sauran hinji a jiki. Ya ɗauka ya daɗe yana dubawa.

"Ɗana, wannan daga ina?"

"Wata ƙofa ce da aka yar a jikin katanga, Baba."

"Ba yar da ita aka yi ba. Ni na jingine ta, shagona ya cika. Gyara aka kawo, gobe mai ita zai zo karɓa."