Makullin fa, wa ya miƙa masa?

Na so in kama bakina har a share makoki, amma saƙon muryar da aka turo zauren WhatsApp na unguwa jiya da daddare ya hana ni runtsawa. Minti bakwai bawan Allah yana magana. Ya ambaci ƙaddara ya fi sau goma, ya ce a tausaya wa Alhaji, wanda ɗansa ya kaɗe wani tela da mota har lahira a unguwarmu nan Makka, wai yana cikin jarrabawa, ya karanto lambar asusu har sau biyu don a haɗa kuɗin diyya. A cikin minti bakwai ɗin nan ko sau ɗaya bakinsa bai furta kalmar makulli ba. To ni zan furta.

Wa ya ba yaron nan makulli?

Shekararsa 16. Gashin bakinsa ma bai gama tsirowa ba. Motar kuwa duk kun san ta, Jims ce, wato GMC, fara mai silinda takwas, nauyinta ya haura tan biyu, wadda in ta yi gurnani a bakin baƙala, wato kantin unguwa, sai tattabaru sun tashi. Ba sato ta ya yi ba, kada wani ya raina mana hankali. Tun azumin bara muke ganinsa a cikinta, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan riƙe da waya, abokai huɗu a baya suna ihu. Mun gan shi bayan Tarawi, mun gan shi ƙarfe biyun dare. Mahaifinsa ma ya gan shi, har yana faɗa mana a majalisa cewa yaron nan hannunsa ya faɗa, ya fi direban gidan iya kwana. Muka yi dariya. Har da ni a masu dariyar, Allah Ya yafe mini.

Yanzu ga tela an kai maƙabartar Shara'i an binne. Mutumin da ya rufe shagonsa ya nufi gida da ledar tamis a hannu. 'Ya'ya huɗu ya bari, babbarsu ba ta kai sa'ar yaron da ya kaɗe shi ba. Na je wurin da asuba kafin a share. Takalminsa ƙafa ɗaya yana gefen titi, ɗayar kuwa sai can gaban shagon mai wanki aka tsinto ta. Na auna tsakaninsu da ƙafata, taku talatin da wani abu. A cikin unguwa fa, ba a kan hanyar Jidda ba.

Sai a ce mini ƙaddara. Na'am, ƙaddara ce, babu wanda ya isa ya ƙara wa marigayi numfashi ɗaya, kuma kada wani ya shigo mini nan yana koya mini rukunan imani. Amma abin mamaki, Alhajin nan yana kulle shagon zinarensa da kwaɗo biyu, ya sa kyamara, ya ɗauki mai gadi. A can bai bar wa ƙaddara ba. Fasfonsa da ikamarsa, wato katin izinin zama a ƙasar, suna cikin akwatin ƙarfe. Makullin mota kaɗai aka rataye a ƙusa bayan ƙofa aka ce Allah Ya tsare. Wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Raƙuma ke nan, wadda in ta kwance iyaka ta ci shukar maƙwabta.

Shekara ashirin da ɗoriya ina kabu-kabu tsakanin Makka da Jidda, don haka ku bar ni in faɗi abin da na sani. Motar da ke gudun kilomita 120 tana cinye mita 33 a daƙiƙa ɗaya. Ka sunkuya ka duba saƙo na daƙiƙa uku, ka shafe tsawon filin ƙwallo ido a rufe. In kuma ka ninka gudu, tazarar da birki ke buƙata ba ninki biyu take zama ba, ninki huɗu ce. Wannan lissafin ba ya tambayar ɗan waye kai. Babban mutum ma da ya ga gawa a titi sau da yawa sai ya yi da gaske yake riƙe ƙafarsa, balle yaron da duk abin da ya sani game da mutuwa a wasan waya ya gan shi, inda in motarka ta kife sai ka danna ka sake farawa. Iya juya sitiyari ba shi ne tuƙi ba. Tuƙi tsoro ne, kuma tsoron nan ba ya zuwa sai da shekaru. Shi ya sa Murur, 'yan sandan hanya, ba sa ba da cikakkiyar ruksa, wato lasisin tuƙi, sai mutum ya cika 18, ɗan 17 ma takardar wucin gadi ake ba shi. Ɗan 16 ba shi da komai sai makullin babansa.

Na san abin da za ku rubuto a ƙasa, na ji shi tun a wurin zaman makoki.

"Mu ma da ƙuruciya muka koya." Eh, a wace mota? A tsohuwar Datsun da sai an tura take tashi, wadda in ka kai 80 sai ƙofofinta su fara salati. Kuma waɗanda suka koya tare da ku ba su kai yau ba, ba sa nan balle su ba da nasu labarin.

"Ai shi ke kai mahaifiyarsa asibiti da kasuwa." Wannan uzurin ya yi aiki a da, lokacin da mace ba ta tuƙi a ƙasar nan, gidaje da yawa suka mayar da 'yan shekara 13 direbobi don dole. Tun watan Yunin 2018 aka ba mata izini. Ga Uber, ga Careem, ga bas ɗin Makka, ga mu 'yan kabu-kabu muna neman na cefane. Sannan wace kasuwa ce Hajiya take ci ƙarfe ɗayan dare da samari huɗu a kujerar baya?

"Hassada ce, don ba ka da irin motar." Wallahi ba ni da ita. Camry ce da ni, ta tsufa, na'urar sanyinta sai ta ga dama. Mun gama da wannan? To wa ya ba shi makulli?

Hukuma dai ta yi nata, ba na jin akwai mai musu. Tun 2010 kyamarorin Sahir masu kama masu gudu suke haska mu a tituna, kafin ka isa gida tara ta riga ka shiga waya. Masu wasan tafhiɗ, waɗanda ke murza taya mota tana juyi kamar mazari, tun 2016 aka tsananta musu: karon farko riyal 20,000 da tsare mota kwana 15, na biyu 40,000, na uku 60,000 har a kai maganar ƙwace motar gaban kotu. Ba wa wanda ba shi da ruksa mota ma laifi ne mai zaman kansa. Amma Sahir ba ta shiga falon gidanka. Kuma abin da ya fi ci mini rai, motar da sunan uban take, ke nan duk tarar da yaron ya jawo a wayar uban take sauka ta manhajar gwamnati ta Abshir. Ya gani. Ya biya. Ya sake gani, ya sake biya. Kowane saƙo cikin waɗannan gargaɗi ne aka aiko masa har aljihu, shi kuwa ya ɗauke shi kamar kuɗin wuta.

Ka so naka duniya ta ƙi shi. Yau yaron yana tsare a Darul Mulahaza tare da sauran ƙananan yara masu laifi, kuma ina rantsuwa da Allah tausayinsa nake ji har cikin raina. Na san shi tun yana rarrafe. Yaro ne mai gaisuwa, in ya gan ni da kaya sai ya ce "Kawu kawo in riƙe maka." Ba mugu ba ne. An ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ne aka tafa masa. Diyyar kisan kuskure riyal 300,000 ce, Alhaji zai iya biya ko babu karo-karonku, in ya sayar da motar ma ya rage hanya. Azumin wata biyu a jere da Suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya yi kisan kuskure kuwa babu mai yi wa yaron. Ƙarar da ya ji a daren nan ma babu mai ɗauke masa ita, da ita zai yi aure, da ita zai tsufa. Uban da ya ce yana son ɗansa, wannan ce kyautar da ya ba shi.

Ba na cire kaina. Babban ɗana yana 14 na fara ba shi makulli ya matsar da mota inuwa ya wanke. Rannan ina shan shayi na ji ƙara, na fito na tarar ya ja baya ya rushe wa maƙwabcina matakalar ƙofa, daidai inda jikokinsa ke zama cin gyaɗa da yamma. Allah Ya sa an kira su wanka. Na tsaya ina kallon bulon da ya farfashe, gwiwoyina suna rawa, maƙwabcin yana cewa "Malam ba komai, ai tsautsayi ne." Ba tsautsayi ba ne, ni ne. Tun daga ranar makullina a aljihun jallabiyata yake kwana. Yaron ya yi fushi, uwarsa ta yi fushi, aka yi mako ana ba ni abinci ba magana. Na ci abina.

Don haka masu cewa in goge rubutun nan saboda zumunci, ba zan goge ba. Mu da muke zaune a ƙasar mutane, kullum muna kukan an raina baƙar fata, an ce Takari kaza Takari kaza, sai ga shi mai kuɗinmu ya jawo an yi marayu huɗu a cikinmu, mu kuma muna layi muna yi masa jaje kamar shi aka yi wa mutuwa. Na ƙirga motocin da suka tsaya ƙofar gidan Alhaji da waɗanda suka tsaya ƙofar gidan tela. Ba zan faɗi adadin ba, kun san inda kuka je.

Wanda kuma ya ɗauki bidiyon gawar yana yaɗawa, 'yar marigayin ta gani a wayar ƙawarta kafin a sanar da ita. Ka ji daɗi.

Af, tun da na zo kan gidan makoki. Jama'a, wace al'ada ce wannan ta zuwa gaisuwa daidai lokacin abincin rana? Shekaranjiya na ga matar marigayin, tana cikin takaba, ido a kumbure, tana aika yaro baƙala ya karɓo bashin shinkafa da kaji saboda maza sun cika tabarma sun ƙi tashi. Lokacin da sahabi Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada cewa aka yi a dafa wa iyalansa abinci a kai musu, ba a ce a je a cinye nasu ba. Har wani na ji yana tambaya ko babu yaji. Gobe in Allah Ya kai mu uwargidana za ta dafa tuwo da miyar kuka, duk mai son sa hannu ya same ni bayan La'asar, kuma don Allah wanda ya tafi da babbar kularmu tun sunan watan jiya ya dawo da ita, da ita za a kai.